Dan Allah ku taimaka, ruwan gorata ɗanɗanon roba yake yi

Uwargida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema kan gorar ruwan da nake zuwa aiki da ita. Ƙanwar maigidana ce ta ba ni bayan na haihu, kuma wlh a da ba ma ga maciji da ita, sai da manya suka sa baki muka dawo muna gaisawa, to ranar da ta zo duba ni ta kawo min ita, shuɗiya mai hannu da ɗan bututun tsotsa, kun ga ba abin da zan yar haka kawai ba ne don duk zuwan da ta yi sai ta tambaya ina gorar. Yanzu in ruwa ya jima a ciki sai ya koma wani iri, ɗanɗanon roba da ɗan bauri, in na buɗe murfin har wari ke bugo ni. Ina wankewa fa. Ga shi ina shayarwa, jiya na karanta wai roba na kawo kansa, ko barcin kirki ban yi ba. Ya zan yi?

Maman 'Yan Biyu: Wa alaikis salam. Ki zuba mata tafasasshen ruwa ki rufe ta kwana, da safe warin ya tafi.

Injiniya: A'a Hajiya, kar ta soma. Zafi ne babban abin da ke sa roba ta saki sinadaranta cikin ruwa. Uwargida kifa gorar ki duba gindinta, akwai ɗan zane mai kusurwa uku da lamba a ciki, daga 1 zuwa 7. In 1 ce PET ke nan, irin ta ruwan sayarwa, ba don a yi ta maimaitawa aka yi ta ba. 2, 4 da 5 su ne masu dama-dama, 5 ɗin ta fi jure zafi. 7 kuma tarkace ce, a ciki akwai robar PC mai sinadarin BPA, akwai robar Tritan da ba ta da shi. BPA ɗin nan kwaikwayon sinadarin jikin mace yake, shi ya sa Tarayyar Turai ta hana shi a kwalbar jarirai tun 2011, Amurka ta bi a 2012. Wace lamba kika gani? Kuma a ina gorar ke wuni?

Uwargida: Lambar ta goge ba ta ganuwa sosai. Amma ai an rubuta babu BPA a kwalinta, kuma ba mai araha ba ce gaskiya. A mota take wuni wani lokacin, in na manta.

Injiniya: To kin ji. Motar da aka rufe a rana cikinta kan wuce digiri 60. Kuma babu BPA ba ya nufin babu komai, wasu BPS suke sawa a madadinsa, ɗan uwansa ne. A 2022 masu bincike a jami'ar Kopenhagen ta ƙasar Denmark sun bar ruwa awa 24 a gorunan roba masu laushi, suka samu sinadarai sama da 400 daga robar kanta. Ki sayi ta ƙarfe a wuce wajen.

Anti Babba: Hmm ta ƙarfe. Ni na saya wa yarana ta ƙarfe kowa da tasa, ko zango ɗaya ba a yi ba ɗaya ta ɓata ɗaya ta dawo a lotse ba murfi, da na yi magana a makarantar sai aka ce ba aikinsu ba ne gadin gora, ubansu kuma ya ce ni na iya ɓarnar kuɗi. Tun daga nan na koma roba, ba abin da ya same su.

Ƙanwarku: Ni ma ta ƙarfen ɗanɗanon ƙarfe take min wlh. Kuma kar ki sa roba a firiza, an turo mana saƙo wai in ta daskare guba take fitarwa.

Injiniya: Wannan saƙon ƙarya ne ƙanwata, ya daɗe yana yawo. Sanyi rage fitar sinadari yake, ba ƙarawa ba.

Malama: Ku yi haƙuri, kowa na ta maganar sinadari an manta da warin. Roba ba ta cika yin irin warin da ke bugo mutum ba, datti ne ke yi. 'Yar uwa ki ɓamɓare zoben robar nan da ke cikin murfin da tsinke ki duba ƙarƙashinsa, sau da yawa za ki ga baƙi-baƙi na fumfuna. Ki zura yatsa ki shafa cikin gorar, in kin ji yauƙi to ƙwayoyin cuta ne suka yi shimfiɗa. Bututun ma sai da ɗan siririn burushi. Ki jiƙa su a ruwan ɗumi da khal, ki ɗauraye, ki kife komai a buɗe ya bushe. In cikin ya karce ko ya yi hazo to wanki ba zai fidda ke ba.

Uwargida: Haba Malama, ni fa ba ƙazama ba ce, kullum sai na jijjiga ta da sabulu. Zoben kuma ina tsoron in na cire ya ƙi komawa ta fara yoyo.

Malama: Ba ƙazanta na ce ba, jijjigawa ba ta kai wa ƙarƙashin zoben ne kawai. Ruwa kaɗai kike zubawa?

Uwargida: Yawanci. Wani lokacin shayi in zan fita da sassafe, amma ba mai zafi can ba.

Injiniya: Shayi a robar da ba a san lambarta ba, a mota, kina shayarwa. Ni dai na faɗi nawa.

Maman 'Yan Biyu: Kai Injiniya ka cika tsorata mutane, baiwar Allah ta ce ba ta yi barci ba. Ba wanda ya ce shan ruwa a gora ɗaya na sa kansa.

Injiniya: Ban ce yana sawa ba Hajiya, cewa na yi ta rage haɗarin da za ta iya ragewa.

Anti Babba: Ki ajiye ta a inda ƙanwar mijin za ta gani, ki sha a wata. Dangin miji ba a iya musu.

Uwargida: Wurin aikinmu ɗaya da ita fa Anti. Khal ɗin ba zai bar nashi warin a ciki ba? Kuma in na jiƙa ba tare da na cire zoben ba zai yi?