Musayar Waƙa: Kwanan Daji a Ostiraliya

Bakanon Adelaide:
Salamu alaikum. Mun dawo ni da iyali, mun ja ɗakin kwana mai taya daga Port Augusta har Darwin, sama da kilomita 2,700. Ga tsarabarku:

Na ɗaura ɗakina a bayan mota,
Titin Stuart na bi shi har ƙarshensa.
Jar ƙasa ce shimfiɗe ba iyaka,
Mai ƙirga nisa ya gaji da batunsa.
Coober Pedy gari ne a cikin rami,
Zafi ya tura kowa ƙarƙashinsa.
La'asar sakaliya mu ratse gefe,
Wurin hutawa, ba a biyan kuɗinsa.
Taurari sun cika sama ba masaka tsinke,
Autana ya ƙi barci don murnarsa.

Ɗan Damagaram:
Bakano, ka ce ba a biyan kuɗinsa?
Yanzu na gane dalilin tafiya!
Ka ƙi masauki don gudun ciro sisi,
Ka kwan a jeji kana ce mana juriya.
Firji a ɗaki, fanka na kaɗa maka,
Wannan fatauci ne ko kuwa kwanciya?
Zo Agadas ka ga ayarin gishiri,
Bilma ake nufa, Tenere ce hanya.
Madugu na gaba, raƙumi na biye,
Ba kwalta, ba inuwa, ba ko rijiya.

Hajiya Mai Lalle:
Kai! Allah ya ƙara basira, Ɗan Damagaram. Bakano, sai ka sha ruwa tukuna.

Na Fagge:
Hajiya, kullum ke kina bayan mutanen Nijar. Zagi ya yi, ba waƙa ba. Ku jira namu ya farka, can dare ne yanzu.

Hajiya Mai Lalle:
Shiru dai har yanzu.

Bakanon Adelaide:
Da raƙumi za ka yi min gori, abokin wasa?
Nan ga su garke-garke cikin sarari.
Musulmi ne suka jawo su tun ba titi,
'Yan Afgan, su ma gwanayen jan ayari.
Sun gina masallacin laka a Marree,
Jirgin ƙasa na Ghan da sunansu yake ratsa gari.
Firjin da ka zaga ba ya hana ajali,
Ruwa ya ƙare, ka faɗa haɗari.
Mota ta mutu, kar ka bar inuwarta,
Ita masu ceto ke hangowa da wuri.

Baitin ƙarshen nan ba wasa a ciki. A garin Oodnadatta an auna zafi digiri 50.7 a 1960. Shi ya sa ake wannan tafiya a sanyinsu, wajen Yuni zuwa Agusta. Ka cika jarkokin ruwa, ka riƙe tayar safaya, ka sha mai a duk gidan man da ka gani, ka kuma gaya wa wani inda ka dosa, don waya ba ta kamawa a wurare da yawa.

Malam Mai Arulli:
Ma'ana ta yi kyau, amma ɗangon jirgin ƙasa ya yi tsawo, ɗingishi yake. Rera shi ka ji. Sunayen Turawan nan kuma ba sa zama a bahari, wato ma'aunin waƙa.

Na Fagge:
Malam, to ya canza wa gari suna don ya shiga baharin Mutadarak? Mawaƙan baka wane bahari suka karanta?

Malam Mai Arulli:
Su kalangu ke riƙe musu kari, ɗana. Rubutacciya muke yi a nan. Wanda ba shi da makaɗi, ma'auni ne makaɗinsa.

Na Fagge:
Na Ɗan Damagaram fa? "Ba kwalta, ba inuwa, ba ko rijiya" ya yi daidai da 'yan'uwansa? Ba ka tanka ba. Kuma akwai rijiya a hanyar, ga Fachi ma a tsakiya.

Malam Mai Arulli:
Shi ma ya karye. Ban zo kansa ba ne.

Hajiya Mai Lalle:
A'a Malam, wannan kam lafiya lau yake.

Uwar 'Yan Biyu, Perth:
Malam da Na Fagge ku sassauta,
Kun cika fili, ba mu ƙaru ba.
Na ratsa Nullarbor da maigidana,
Miƙaƙƙen titi, bai san kwana ba.
Magariba ta yi, ka sauka ka huta,
Kangaru bai san dokar hanya ba.
Tirela mai jela uku in ta taso,
Matsa mata, ba nan take za ta tsaya ba.
Yaya Bakano, kyauta kake kwana,
Amma ƙasar ba ta rasa masu ita ba.
Anangu sun daɗe suna roƙon baƙi,
Uluru tsattsarka ne, ba na hawa ba.
Kwashe shararka, kashe wutar girki,
Wanda zai zo bayanka bai yi laifi ba.

Sai a 2019 aka hana hawa dutsen Uluru, alhali tun 1985 aka mayar wa Anangu, 'yan asalin wurin, da shi. Raina yana ɓaci in na tarar da leda da takardar bayan gida a gindin bishiya a wuraren kwanan nan. Irin haka ke sa hukuma ta rufe wuri, kowa ya rasa. Miƙaƙƙen titin kuma kilomita 146.6 ne ba lanƙwasa, barci ne babban abokin gaba a kansa.

Bakanon Adelaide:
Gaskiya kika faɗa, Uwar 'Yan Biyu. Wasu ƙasashen nasu ma sai da takardar izini ake shiga.

Ɗan Damagaram:
Uwar 'Yan Biyu ta fi ka, Bakano,
Ka miƙa mata alƙalami da tawada.
An ce gabas kake ba baya in za ka yi salla,
Kano ta ji wannan, wa zai maka shaida?

Bakanon Adelaide:
Makka na yamma da mu, ta ɗan yi arewa,
Na Fagge, aika masa taswira ya duba.
Wanda bai taɓa wuce Matamai ba,
Shi zai koya wa matafiyi alƙibla?

Malam Mai Arulli:
"Duba" da "alƙibla" ba amsa-amo ɗaya ba ne. Sake.