Ƙanwata ta canza, wai aljanu ne ko ciwo ne?

Yayar Auta:
Salam jama'a, dan Allah ina neman shawara. Ƙanwata shekararta 16, tun da aka raba auren iyayenmu take wajena nan Ƙofar Ƙaura. Da safe ta ce ni ce uwarta ni ce ubanta, kafin la'asar ta ce ba wanda ya tsane ta kamata. Ƙawarta ta yi jinkirin amsa mata WhatsApp ta rotsa wayar da bango ta kwana kuka wai kowa gudunta yake. Shekaranjiya tana alwala ta naɗe hannun riga na ga tabon yanka, wlh har yanzu jikina rawa yake. An yi ruƙiyya sau 2 shiru.

Baban Khalifa:
Tashen balaga ne da shagwaɓa, ki daina biye mata kawai.

Nas Daura:
Haba Malam, yarinya na yankan jikinta ka ce shagwaɓa? Hajiya ni nas ce, ba a yanke hukunci a waya amma abin da kika lissafa yana kama da wanda likitocin ƙwaƙwalwa ke ce ma bodalayin, wato tsananin tsoron a guje ka, fushi mai tashi kamar wutar kara, jin zuciya wayam kamar ba komai a rayuwa. Ana rikita shi da baifola, ciwon da ke juya mutum tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin baƙin ciki, amma shi baifola yanayi kan ɗau kwanaki ko makonni, wannan cikin awanni yake juyawa. Ƙasa da shekara 18 ba a saurin sa ma yaro sunan sai alamun sun kai shekara 1. Kuma ba ƙwaya ce ainihin maganinsa ba, zama ne da likita ana koya mata riƙe zuciya, akwai tsarin DBT da Marsha Linehan ta fito da shi a Amurka don irin haka. Ki kai ta sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na tarayya nan Katsina cikin satin nan, ki kwashe reza da magunguna daga ɗakinta, kuma ki tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta, tambayar ba ta sa mutum ya aikata.

Maman Biyu:
Ɗiyata ta yi irin shi. Kuskurena duka da gori, abin ya ƙaru. Ranar da na zauna bakin katifarta na ce na ga kina shan wahala, ranar ta fara man magana. Ku ci gaba da addu'a ku je asibiti, yanzu tana aji 2 a jami'a.

Yayar Auta:
Na gode Anti nas, Allah ya saka. Matsalar Baba ne, yana jin asibitin ƙwaƙwalwa zai ce mun ja mata sunan mahaukaciya ba mai aurenta. Gobe zan je wajen Gwaggo, ita kaɗai yake jin maganarta.