Ɗan kwangila ya tsaya a linta: caji ofis ko kotu?

Alhaji na Kwari: Jama'a, wanda ka ba jingar gida, ya karɓi kafin alƙalami, ya kai linta ya ce kuɗi sun ƙare, ɓarawo ne. A kai shi caji ofis ya kwana biyu a bayan kanta, kuɗi za su fito. Haka wani magini ya yi wa ƙanwata a Rijiyar Zaki, rodi na nan yana tsatsa, ciyawa ta fito a falo.

Barista: Allah ya ƙara arziki Alhaji, amma doka ba ta tare da kai. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana a kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniya. In ka sa aka tsare shi, sai ya garzaya babbar kotu kan tauye masa haƙƙi, ka wayi gari kai ake bi diyya.

Alhaji na Kwari: To zamba fa, Barista? An soke ta ne?

Barista: Tana nan. Sai dai a nuna tun farko ba shi da niyyar yin aikin, ko ya karkatar da kuɗin siminti ya sayi mota. Wanda ya zuba fandisho ya ɗora bulo har linta, da wuya ka tabbatar da hakan a kansa.

Injiniya: A ji ta bakinmu mana. Farkon 2024 buhun siminti ya haura 10,000, alhali an yi jinga yana wajen rabin haka. Wa zai cike giɓin? Masu gida kuma ana tsaka da aiki sai a ce Hajiya tana son a ƙara bene.

Maman Ummi: Haba Injiniya! Da siminti ya sauko, ka taɓa mayar wa wani da canji?

Injiniya: Hajiya, wannan kuma wata magana ce.

Maman Ummi: Ita ce dai.

Barista: Gaskiyar Hajiya. In jingar dunƙule ce, kuma ba a rubuta cewa za a sake lissafi idan kaya sun tashi ba, asarar ta ɗan kwangila ce. Ƙarin bene kuwa sabon aiki ne, da sabon kuɗinsa, kuma sai an koma KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, neman izini, in ba haka ba jan fenti ya biyo baya.

Malam: Aya ta 282 a Baƙara cewa ta yi a rubuta bashi, a kafa shaidu. Alhaji, akwai takarda?

Alhaji na Kwari: Allah gafarta Malam, ɗan unguwa ne, sahu ɗaya muke sallah. Sai alat na banki.

Barista: Alat ya nuna an biya, bai nuna me aka ce a gina ba. Ku samo mai ƙiyasin gini ya auna abin da ke ƙasa, a cire daga abin da ya karɓa, a fara zaman sulhu kan ragowar. In ya ƙi, sai kotu.

Alhaji na Kwari: Kotu? Kafin a gama ɗage zama damina uku ta wuce ta kan bulon nan. Ni dai ban gamsu ba.