Karɓar magani a ƙungiya: asiri zai rufu kuwa a zango?

Maman Biyu:
Salamu alaikum. Sunan aro ne, ku yi haƙuri. Shekara shida ke nan ina shan maganin ƙanjamau, tun rasuwar maigidana. Koko da ƙosai nake sayarwa a Aboabo, nan Kumasi, amma magani sai na shiga trotro biyu nake karɓowa, gudun idon sani. Ranar asibiti kuwa ba ciniki. Nas ta ce in shiga ƙungiya ta mutum shida, ɗaya ya je ya karɓo wa kowa, wani zagayen wani ya je, kamar adashi. Sauƙin ya ja ni. To amma mutum biyar su san halin da nake ciki, ga shi an sa wa 'yata rana? Ku ba ni shawara.

Tsohon Direba:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni ina ciki. Wanda zai tona miki asiri, nasa zai fara tonawa, kowa wutsiyarsa a hannun ɗan'uwansa take. Amma mu mun ƙi haɗuwa da 'yan unguwa ɗaya. Ɗaya daga Tafo, ɗaya Suame, a Kejetia muke haɗuwa, a miƙa leda, kowa ya kama gabansa. Lokacin da na yi kwana tara ban sha ba, takaicin duniya ya ishe ni, su suka biyo ni har gida.

'Yar Asawase:
Yaya, kada ki yi gaggawa. Tsarin nan a Tete ta ƙasar Mozambik likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fara shi a 2008, saboda mutanen ƙauye suna shan doguwar tafiya kafin su kai asibiti. Mu a Kumasi ba nisa ne ciwonmu ba, baki ne. Idan gwajin jini ya nuna ƙwayar cutar ta kwanta, ki roƙi a riƙa ba ki na wata uku ko shida a lokaci guda. Ƙwaya ɗaya ce a rana, mai suna TLD, ba kaya ba ne. Ki nemi 'yan Models of Hope a asibitinku, su ma masu shan maganin ne, za su gaya miki gaskiya.

Tsohon Direba:
Haka ne. Ko a ƙungiya ma, gwajin jini dole kowa ya je da ƙafarsa, ba a aike.

Maman Biyu:
Allah ya saka da alheri. Zan nemi na wata shida, har a sha biki. Baba Direba, akwai mata a taku?