Ekwado ta ajiye kuɗinta ta rungumi dala: me ta samu, me ta rasa?

Ɗan Kwari

Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk sanda naira ta sha ƙasa sai a ji wasu na cewa mu yi irin ta Ekwado, ƙasar nan ta Kudancin Amurka, mu ajiye kuɗinmu mu koma cin kasuwa da dalar Amurka kowa ya huta. Don Allah masana su fayyace mana: yaya aka yi canjin, wa ya ci riba, wa ya tafka asara? Kuma tunda babban bankinsu ba ya buga kuɗi, ina gwamnati ke samun na kashewa in farashin mai ya karye?

Malam Mai Alƙaluma

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da za ka fara riƙewa shi ne, Ekwado ba cikin natsuwa ta zaɓi dala ba, wuya ce ta kai ta. A 1997 da 1998 ambaliyar El Niño, wato ɗumamar ruwan teku mai jawo ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ta cinye gonaki da hanyoyin bakin teku, gangar mai kuma ta faɗo kusan dala 10, alhali mai ne ginshiƙin kasafin kuɗinsu. Bankuna suka fara durƙushewa, har da Filanbanco, ɗaya daga cikin manya. Babban banki ya yi ta buga sukre, kuɗin ƙasar a lokacin, yana ɗura musu don kada su mutu, masu wayo kuma suna karɓar sukren suna sayen dala suna fitarwa waje. A farkon 1999 dala ɗaya kusan sukre 7,000 ce. Kafin shekara ta ƙare ta kai wajen 20,000.

A watan Maris na 1999 shugaba Jamil Mahuad ya rufe bankuna na kwanaki, sannan ya ƙulle mafi yawan ajiyar mutane na shekara guda. Ranar 9 ga Janairun 2000 ya shelanta komawa dala a kan sukre 25,000. Kwana 12 bayan haka ƙungiyar 'yan asalin ƙasa ta CONAIE da wasu hafsoshi, cikinsu har da Kanar Lucio Gutiérrez, suka kore shi. Mataimakinsa Gustavo Noboa ya hau, bai janye shirin ba. Majalisa ta yi dokar a Maris, babban banki ya riƙa karɓar takardun sukre yana ba da dala daga asusun ajiyarsa na waje, zuwa Satumba sukre ya daina ci.

Adadin 25,000 ɗin nan shi ne zuciyar maganar. Ba za ka iya sayen duk kuɗin da ke hannun jama'a ba sai kana da dalar biya. In dalarka kaɗan ce, dole ka karya darajar kuɗinka har lissafi ya yi daidai. Ka ƙaddara ɗan fansho yana da sukre miliyan 70 a banki a farkon 1999: dala 10,000 ke nan. An ƙulle, an buɗe masa a kan 25,000, ya tashi da dala 2,800. Shi kuwa wanda banki ke bi bashin sukre, bashinsa ya narke da wannan gwargwadon. Masu ajiya da masu albashi su suka biya kuɗin canjin.

Farashi ma bai kwanta nan take ba. A 2000 hauhawar ta haura kashi 90 cikin ɗari, saboda kaya na bin sabon canjin, ga kuma ƙarancin sulalla da ya sa mai shago ya riƙa cike farashi zuwa sama: abin santi 60 ya koma dala ɗaya don babu canji. Daga baya suka buga nasu sulallan na santi 1, 5, 10, 25 da 50, su kaɗai ne kuɗin da Ekwado ke bugawa har yau. Sai 2004 hauhawar ta sauka ƙasa da kashi 3. Tun daga nan albashi ke riƙe darajarsa, bankuna ke ba da bashin gida na shekaru masu yawa, shi ya sa da wuya ɗan takara ya fito ya ce zai dawo da sukre.

Hajiya Ta Maraɗi

Malam ya kawo farkon, bari in ɗauki tambayar ƙarshe. A ƙasar da ba ta buga kuɗi, kowace dala da ke yawo a kasuwa daga waje ta shigo, kuma ƙofofin huɗu ne: kayan da aka sayar waje, aiken 'yan ci-rani, jarin baƙi, sai bashi. Ekwado ta yi sa'ar shekarun farko. Dubban ɗaruruwan mutanenta da rikicin ya kora Sifaniya da Italiya da Amurka suka riƙa aiko da kuɗi gida, sabon bututun mai da ake kira OCP ya fara aiki a 2003, farashin ganga ya yi ta hawa. Ga ayaba, wadda babu ƙasar da ta kai su fitarwa, ga jatan lande da koko da furanni.

Jarrabawar ta zo a ƙarshen 2014 da mai ya karye. Kolombiya, maƙwabciyarsu, ta bar kuɗinta ya faɗi, kayanta suka yi araha. Ekwado ba ta da wannan dama, dala ma tashi take yi a lokacin. Sai ga 'yan Ekwado suna layi a gadar Rumichaca ta kan iyaka suna tsallakawa garin Ipiales na Kolombiya sayen talabijin da tayoyi da kayan masarufi, shagunan Tulcán na gefensu kuwa babu ciniki. Gwamnatin Rafael Correa ta toshe da abin da ke hannunta: a Maris 2015 ta ɗora ƙarin kuɗin fito daga kashi 5 zuwa 45 a kan kusan sulusin kayan da ake shigowa da su, ga harajin kashi 5 da tuni ake karɓa a kan duk dalar da za ta fita ƙasar. Ta kuma ci bashin Sin, wani ɓangarensa da alƙawarin ɗanyen man da ba a haƙo ba tukuna.

Da bashi ya yi wuya sai aka juyo kan talaka. Shugaba Lenín Moreno ya karɓi shirin bashin IMF na dala biliyan 4.2 a 2019, a Oktoba ya cire tallafin mai: galan na fetur ya tashi daga dala 1.85 zuwa 2.39, na dizal ya ninka har da ɗoriya. Zanga-zangar ta yi tsanani har gwamnati ta kwashe daga Kito, babban birnin ƙasar, zuwa Guayaquil, kafin mako biyu aka soke dokar. A 2020 sai da suka roƙi masu bin su dala biliyan 17.4 na takardun lamuni, wato takardun bashin da gwamnati ta sayar a kasuwa, su sassauta. A Afrilun 2024 shugaba Daniel Noboa ya ɗaga harajin sayen kaya daga kashi 12 zuwa 15.

Mu a Nijar mun san ɗanɗanon wannan ta wajen sefa, wadda ke ɗaure da yuro a kan kusan sefa 656 ga yuro ɗaya. Farashi ba ya hauka kamar na naira, amma duk ranar da naira ta faɗi kayan Kano kan cika kasuwar Maraɗi, mai sana'ar gida ya rasa mai saye. Bambancin shi ne sefa ana iya karya ta, an kuma yi a Janairun 1994 da aka raba darajarta biyu. Ekwado ko wannan ƙofar ba ta da ita.

Ɗan Kwari

Na gode Malam, na gode Hajiya. To ai ko ba komai an ɗaure hannun 'yan siyasa, ba za su ƙara buga kuɗi su cuci jama'a ba. Ko akwai ta inda suke zagayewa?

Baban Ummi

Akwai, ɗan'uwa, kuma an bi ta. Bankunan kasuwanci da ƙananan hukumomi da asusun fansho duk suna ajiye dala a babban banki. Dokar 2000 ta ce ajiyar bankuna dole a sami dala tsaba a bayanta. A 2014 aka sauya dokar kuɗi, babban banki ya fara ba Ma'aikatar Kuɗi rancen wannan ajiya yana karɓar takarda. A littafi kuɗin mutane na nan, a rumbu kuwa takardar gwamnati ce. Zuwa ƙarshen 2017 asusun ajiyar waje bai kai dala biliyan 3 ba. Da a ce jita-jita ta sa jama'a sun yi wa bankuna caa a lokacin, da babu mai ceto, don babban bankin Amurka ba ruwansa da bankin Kito. Wannan ya sa a 2021 aka yi dokar kare tsarin dala, ta haramta wa babban banki ba gwamnati rance.

Abin da suke da shi a madadin mai ceto biyu ne: asusun ko-ta-kwana da bankunan ke zuba wa kuɗi da kansu, da inshorar ajiya ta COSEDE mai biyan har dala 32,000 ga mai ajiya. Suna iya tallafar banki ɗaya ko biyu, ba za su ɗauki duka tsarin ba in ya girgiza lokaci guda.

Ina da ɗan saɓani da Hajiya a wuri ɗaya. Wahalar 2015 zuwa 2020 ba dala ce ta haifar da ita ba. Lokacin da ganga ke kusan dala 100 ba a yi tanadi ba, an rushe asusun rarar mai da aka kafa a farkon shekarun 2000, an kuma ƙi biyan wasu takardun lamuni a 2008, abin da ya sa bashin kasuwa ya yi musu tsada daga baya. Ƙasar da ba za ta iya karya kuɗinta ba, dole ta tara a shekarar yalwa.

Hajiya Ta Maraɗi

Gaskiyarka Baban Ummi, rashin tanadin ya fi dala laifi, sai dai dala ce ta sa kuskuren ya fito ta rasa aiki da ƙarin haraji. Ɗan Kwari, in kana son gwada kowace ƙasa, ga lissafin: haɗa takardun kuɗin da ke yawo da ajiyar bankuna a babban banki, ka raba da dalar da ke asusun waje bayan an cire wadda aka riga aka jingina. Abin da ya fito shi ne canjin da za a iya yi da shi, in ya fi na kasuwa nesa to masu ajiya za su sha irin ta ɗan fanshon can. El Salbado ta yi nata a 2001 a kan kolon 8.75 na kuɗinta ga dala ɗaya, ba tare da an ƙona ajiyar kowa ba, domin ta shekara da shekaru tana riƙe da wannan canjin kuma tana da dalar biya. Javier Milei ya ci zaɓen Ajantina a 2023 da alƙawarin komawa dala, ya tarar babban bankin bashin dalar da ke kansa ya fi abin da ke rumbunsa, sai ya fara da yanke kashe kuɗin gwamnati ya bar kuɗinsu feso a hannun jama'a.