Dan Allah ya ake ajiye abincin jariri a firiza da wannan wutar tamu?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum iyayen gida, shawara nake nema dan Allah. Yarinyata ta cika wata 6, a wajen awo nas ta ce in fara haɗa mata da abinci, gashi na koma aiki, 7 na safe nake fita sai 4 nake dawowa, tana wajen ƙanwar mijina. Na fara mata kunun gero da faten kabewa, to cokali 3 ko 4 take sha ta kauda kai, kullum da asuba sai na ɗora tukunya saboda cokali huɗu, wlh na fara gajiya. Shine nake tunanin in dafa da yawa ran Asabar in sa a firiza, amma mu nan wuta sai tayi awa 10 bata zo ba. Kwana nawa yake yi? Kuma in ya narke wuta ta dawo ya sake daskarewa zan iya bata? Jiya ma kunu na zuba mata a fulas tun safe, da na dawo na buɗe naji warinsa ya ɗan canza, hankalina bai kwanta ba.

Ummu Sadiq:
Wa alaikumus salam, Allah ya raya mana Ilham. Ni haka nayi da yarana biyu. Ki sayi robar ƙanƙara mai murfi ki ware ta daban, kowane rami yana cin kamar babban cokali 2, kinga daidai cikinta kenan. In kin sauke faten kar ki barshi a tukunya yana jiran ki gama shara da wanke wanke, ki juye a faranti mai faɗi ki ɗora kan ruwan sanyi ya huce da wuri, kar ya wuce awa 2 a waje, lokacin zafi ma awa 1. In ya daskare ki ɓalle su ki zuba a leda mai zif, ki matse iskar ki rubuta kwanan wata a jiki. Ni bana bari ya wuce wata ɗaya duk da ance yana kaiwa 3. Kabewa da karas da dankalin Hausa suna yin kyau sosai, dankalin turawa kam ruwa ruwa yake komawa, ayaba kuma ki murje mata sabuwa kawai, baƙi take yi. Banda gishiri da dunƙule.

Anti Nas:
Ƙanwata wanda ya narke ya sake daskarewa kar ki bata, ki zubar ko da yana miki ciwo. Sanyi baya kashe ƙwayoyin cuta, tsayar dasu kawai yake, shi yasa ake son sanyin firiza ya kai digiri -18, firji kuma ƙasa da digiri 5. Da abinci ya shiga tsakanin 5 da 60 sai su farka, wasu duk minti 20 suke ninkuwa. Abinda ya faru da fulas ɗinki kenan, da safe kunun da zafinsa, kafin azahar ya koma ɗumi ɗumi, in da madara a ciki ma abin ya fi muni. Kuma kar ki dogara da hanci, wani abincin ya lalace amma ƙamshinsa lafiya lau, mu da muke ganin yaran da ake kawowa da gudawa da amai idonsu ya faɗa mun san ba wasa bane.

Maganar wuta, firiza in a cike take kuma ba'a buɗewa tana riƙe sanyi kamar awa 48, in rabi ce 24, firji kuwa awa 4 ne kacal. To ki cika gurbin da robobin ruwa su daskare, ki hana yara buɗe buɗe. Ki daskarar da ruwa a kofi ki ɗora tsohon makulli a sama, ranar da kika tarar ya nutse ƙasa kin san komai ya narke bakya nan. In za'a bata a ɗumama har sai yayi tururi, a juya sosai, ya huce a gwada a bayan hannu, sau ɗaya tak ake ɗumamawa. Ragowar da cokalinta ya shiga ma ba'a mayarwa, yawu ya riga ya taɓa. Ki gaya wa ƙanwar mijin naki kar ta sa mata zuma sai ta shekara.

Hajiya Babba:
Ni dai 'yata da wannan wutar ban yarda da firiza ba sam, sai in kuna da sola. Ki gyara gero da dawa da waken suya da gyaɗa, ki soya kowanne daban, ki tsince gyaɗar da kyau duk wadda tayi baƙi ko fumfuna ki jefar, a niƙa miki ki tankaɗe ki zuba a kwalba busasshiya mai murfi. Cokali 2 za'a dama a dafa, minti kaɗan ya nuna, ko mai rainon zata iya yi sabo duk sanda yarinya taji yunwa. Kaɗan kaɗan zaki riƙa niƙawa saboda man gyaɗar, kuma jiƙaƙƙen cokali kar ya shiga kwalbar.

Maman Ilham:
Nagode sosai Allah ya saka da alheri. Fulas kam na daina daga yau. Zan yi garin Hajiya na kunu, kabewar kuma in gwada robar ƙanƙara da makullin in ga yadda firizar tamu take. Anti nonon da nake tatsa fa, shima haka ne?

Anti Nas:
Shi kwana 4 yake yi a firji in wuta bata yanke ba, firiza wata 6, ki tura shi can ciki ba jikin ƙofa ba. A waje awa 4 in ɗakin da sanyi, da zafin nan kar ya kai haka. Kar a ɗora shi a wuta, a tsoma robar cikin ruwan ɗumi, wanda ya narke a firji kuma a shanye cikin awa 24.