Maigidana na da girin kad kuma ana tuhumarsa da zamba, ku ban shawara

Salam 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Muna zaune a Amurka, ni na samu fasfo ɗinsu shi kuma maigidana girin kad (takardar izinin zama na dindindin) gare shi, yanzu ana tuhumarsa kan rancen tallafin korona wai ya ƙara yawan ma'aikatansa a takarda, lauyan da kotu ta ba shi yace ya amsa laifi kawai ba zai yi zaman gidan yari ba. To sai ga shi ina jin wai sanatoci sun kawo ƙudirin korar duk wanda aka kama da zamba har da ƙwace fasfo. Wlh barci ya gagare ni. Ya amsa ko kar ya amsa? Ni ma zai shafe ni?

Wata daga Bronx: Allah sarki 'yar uwa, Allah ya kawo mafita. Ƙudiri ba doka ba ne, sai majalisun biyu sun amince shugaban ƙasa ya sa hannu. Rikicin jihar Minnesota ne ya tayar da ƙurar, badaƙalar ƙungiyar Feeding Our Future ta wajen dala miliyan 250 kuɗin abincin yara.

Wani daga Houston: Hajiya ki bar batun ƙudirin nan tukuna, tsohuwar dokar ita ce abin tsoro. Zambar da asararta ta haura dala 10,000 tana cikin manyan laifuffuka a dokar shige da fice, ko kwana ɗaya bai yi a kurkuku ba za su iya tasa ƙeyarsa gida, kuma maganar zama ɗan ƙasa ta rufe har abada. Kar ya sa hannu a komai sai lauyan imigireshan ya duba adadin asarar da aka rubuta, nan ake ciniki. Tun 2010 a shari'ar Padilla kotun ƙoli tace wajibi ne lauya ya gaya wa wanda yake karewa in amsa laifi zai jawo kora. Naku ya gaya muku?

Mai tambaya: Ko kalma bai ce ba wlh. Dubu 18 ne suka rubuta.

Na Houston: To kin gani. Gobe da safe ku nemi wani lauyan.

Wata uwa: Ke dai fasfonki ba a taɓa shi don laifin miji, sai alƙalin tarayya ya tabbatar kin yi ƙarya ko kin ɓoye wani abu lokacin nema. Amma fa in da sunanki a takardun rancen ki nemi naki lauyan daban. Shi kuma kar ya kuskura ya tafi gida ko Umara yanzu.